Salama da Sawaba: Yadda Mata Suka Samu Baki, Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Tabarmar Taronmu

 

Da kwamitin biki ya ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo rubutu a kan tarihi, an zaci za mu lissafo kekunan ɗinki da injinan markaɗe da buhunan shinkafar azumi da ƙungiya ta raba. Ma'aji ta riga ta yi wannan a nata shafin, Allah ya saka mata. Mu abin da muka zaɓa shi ne abin da ba a cika son ambato ranar biki ba, wato rigima. Ku yi haƙuri, ba tonon asiri muka zo yi ba, kuma ba za mu kama sunan kowa ba. Amma duk wadda ta daɗe a cikinmu ta san cewa ƙungiyar nan sau biyu tana kusan mutuwa. Na farko shiru ne ya so kashe ta, na biyu kuma rinjaye. Da muka zauna muna tambayar tsofaffinmu, muna kuma sa malamar ajinmu tana karanto mana littattafan tarihi, sai muka ga ashe abin da ya same mu a kan tabarma ya taɓa samun Arewa baki ɗaya.

A zamanin kakanninmu, kafin Turawa su tafi, manyan jam'iyyu biyu ne a nan Arewa. Akwai NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Alamarta tauraro, kirarinta "Sawaba". Akwai kuma NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Alamarta fartanya, kirarinta "Salama". To ku dubi kalmomin nan biyu da kyau. Wace mace ce ba ta son salama? Wace ce kuma ba ta son sawaba? Ai duka biyun addu'a ce. Amma a kansu aka yi ta fasa kawuna, aka raba aure, wa ya daina gaisa da ƙaninsa.

Mutanen Salama cewa suke Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya ce, idan muka rabu mutanen Kudu da suka riga mu boko za su danne mu, saboda haka a bi sarakuna da manya, a tafi a hankali. Kada mu yi musu rashin adalci, tsoron nan nasu ba na banza ba ne, kuma sun yi ayyukan da har yau ana cin moriyarsu, ga jami'ar Zariya nan tun 1962. Mutanen Sawaba kuma cewa suke wane irin zaman lafiya ne wannan, talaka yana biyan haraji da jangali, ana sa shi aikin tilas, dogari ya ɗaure shi, alƙali ya tura shi gidan yari, kuma ba shi da bakin cewa uffan? A wurinsu haɗin kan da aka gina a kan shirun talaka ba haɗin kai ba ne.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda abin yake. Ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa, waɗannan su zaɓi na gaba, haka har a kai majalisar Kaduna, kuma a kan hanya En'e tana da ikon cusa nata mutanen. NEPU ta yi ƙoƙari a matakin farko a cikin birnin Kano, amma kafin a kai hawan ƙarshe an tace ta sarai. Wato kamar a ce ki tankaɗe gari sau huɗu, kuma mai rariyar ita ce kishiyarki.

Duk wannan fa zancen maza ne. Mace ko a hawan farko babu ita.

A nan ne Hajiya Gambo Sawaba ta shigo. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Ghana ne, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya. Marainiya ce tun tana ƙarama, karatunta bai wuce firamare ba, an yi mata aure tana 'yar shekara 13. Mun tsaya a kan wannan ne don 'yan'uwanmu masu cewa "ni da ban yi boko ba me zan ce a taro". Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, a lokacin da maza masu gemu ke ɓoye katinsu na jam'iyya don tsoron En'e. Ta zama shugabar matan jam'iyyar, tana shiga gida-gida wurin matan kulle, inda namiji ba shi da ikon shiga, tana yi musu maganar auren wuri, da karatun 'ya mace, da ƙuri'a. An kama ta, an yi mata duka, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16. An kuma kira ta, ita da matan da ke bin ta, da sunan da ba za mu rubuta a takardar da yara za su karanta ba. Kun dai san sunan. Har yau shi ake fara jifan mace da shi idan ta miƙe a gaban jama'a.

Akwai abin da ya fi burge mu a labarinta, mu 'yan kasuwa. Ta yi tattaki har Abeokuta don ta ga Funmilayo Ransome-Kuti. Ita wannan baiwar Allah 'yar boko ce, amma ƙarfinta matan kasuwa ne, kuma ta fara jawo su ne da ajin koyon karatu da rubutu, irin dai namu. A ajin ne suka riƙa faɗa mata yadda ake ƙwace musu shinkafa, da yadda ake karɓar haraji a hannun mata alhali babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanka harajin. Suka haɗu dubbai, suka rufe kasuwa, suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar sarkinsu, Alake, dare da rana. A Janairun 1949 sai da ya sauka daga gadon sarauta. Daga baya ya dawo, amma an soke harajin matan a lokacin, an kuma ba mata kujeru huɗu a majalisa. Da ma abin da suke faɗa ke nan: wadda za a karɓi kuɗinta, a ji bakinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya kai ƙasa ga samun mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Wani abin mamaki, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, harshe ɗaya, addini ɗaya, zane iri ɗaya, tun 1956 dokar Faransa ta ba kowa ƙuri'a a can, mace da namiji. Ke nan mace a Maraɗi tana da ƙuri'a, 'yar'uwarta a Katsina ba ta da ita. Amsar da manyan Arewa ke bayarwa ita ce lokaci bai yi ba, al'ada ba ta yarda ba, kuma ai matan ma ba su nema ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ci mana rai. An hana mutum wurin magana, sannan an kafa hujja da shirunsa.

Aka yi Jamhuriya ta Farko aka gama, sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966, aka yi yaƙin basasa, matan Arewa ba su taɓa ganin cikin rumfar zaɓe ba. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, gwamnatin soja ta buɗe ƙofar, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar. Abin dariya abin takaici: ba majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta ba mu ƙuri'a ba, masu bindiga ne. Kuma kwamitin da ya rubuta daftarin tsarin mulkin, mutum 49 ne, duk maza. Amma kada wani ya ce kyauta aka yi mana. Da Gambo da ire-irenta ba su sha ɗauri ba, da babu wanda zai tuna akwai bashin da ba a biya ba.

Iyayenmu da yawa 1979 ce shekararsu ta farko. Sau biyar aka fita zaɓe tsakanin Yuli da Agusta. Wata tsohuwarmu a ƙungiyar nan, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce mana ranar farko sai da ta yi lalle ta ɗaura zanen sallarta, kuma maigidan ya bi ta har zaure yana nanata mata alamar da za ta dangwala. Muka ce, "To Inna, kin dangwala masa?" Ta yi dariya ta ce, "'Yan nan, shi da yake waje ina ya sani?" Ba ta faɗa mana ba har yau. A Kano dai PRP mai makulli, jam'iyyar Malam Aminu, ita ta ci, Abubakar Rimi ya zama gwamna, a Kaduna kuma Balarabe Musa. Aka soke haraji da jangali. A 1980 aka kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano. Saboda haka duk wadda ta koyi rubuta sunanta a irin ajinmu, ta sani akwai ƙuri'ar iyayenta mata a cikin allon nan.

To amma kada a ce mun zo yabon rigima ne kawai. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Jam'iyyar da ta sha wuya shekara talatin kafin ta samu mulki, ba ta yi shekara biyu a kai ba ta rabe gida biyu, 'yan Taɓo na wajen Malam, 'yan Santsi na wajen gwamnoni. A Kaduna majalisa ta 'yan NPN ce, gwamna na PRP, aka kasa jituwa ko a kan kwamishinoni, har aka tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. A Kano, ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, a ƙarshen shekarar soja suka sake karɓe mulki, da mai makulli da mai gida da masara duk aka kore su gida. A zamanin ne Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP yake ta kiran siyasa ba da gaba ba, ita ma Hajiya Gambo jam'iyyarsa ta shiga har ta zama mataimakiyar shugaba. Mutane suka ɗauke shi mai wasa. Mu yanzu da muka ga abin da gaba ta yi mana a ƙungiya, ba ma yi masa dariya.

Bari mu dawo gida.

Iyayen da suka kafa wannan ƙungiya daga adashi suka faro. Da uwar adashi da 'yan zubi, kowa ta san kowa, amana ce kawai. Da aka yi rajista aka zama ƙungiyar gama kai, sai aka zo da dokoki a rubuce, ciki har da wadda ta ce kowace mamba ƙuri'a ɗaya gare ta, ko jarinta buhu ne ko mudu. Jami'in da ya zo daga ofishin ƙungiyoyi ya ce wannan doka ta samo asali ne tun 1844, daga wasu masaƙa 28 a garin Rochdale na Ingila, kuma a Najeriya tun 1935 ake da dokar irin waɗannan ƙungiyoyi. Muka ce to madalla. Aka sa takardar a jaka, aka ci gaba da yi yadda aka saba.

Yadda aka saba kuwa shi ne, manya su zauna a kan kujera a gaba, masu shagon atamfa da masu sarin hatsi, mu masu faranti da masu ƙosai da masu kayan miya muna kan tabarma a baya. Shugaba ta kawo magana, ta ce, "An amince?" Mu ce, "Mun amince." A shafa fatiha. Shekaru muna haka, ana yabonmu a unguwa, ana cewa ga ƙungiyar da ba a taɓa jin kanta ba. Mu ma muna alfahari da hakan. Ai zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sai dai maganar da ba a yi a taro ba, ana yin ta a wani wurin. A gidan suna ake yi, a bakin famfo, a cikin adaidaita sahu in an tashi daga kasuwa. Ana cewa rance kullum hannu ɗaya yake zagawa. Ana cewa sai mai shago ake yarda ta tsaya wa mutum, to wace mai shago ce za ta tsaya wa mai tallan daddawa? Sannan aka ba 'yar'uwar wata babba rance mai nauyi, lokacin biya ya wuce, aka shiga wata na gaba, babu wanda ya tayar da zancen. Ba a yi faɗa ba ko sau ɗaya. Kawai dai tabarmar baya ce ta riƙa raguwa. Wannan ta ce maigida ya hana, waccan ta ce jiki ba daɗi, a hankali kowace ta zare kuɗinta ta koma adashin unguwa. Manya kuma tsakaninsu da Allah ba su san dalili ba, don duk wadda aka tambaya cewa take babu komai. Mu da kanmu mun faɗi "babu komai" ɗin nan ba sau ɗaya ba.

Ranar da abin ya fashe, wata 'yar ajinmu ce, mai sayar da manja da kayan miya, wadda ba ta fi wata shida da fara haɗa baƙi ba. Shugaba ta ce, "An amince?" Sai muka ji murya daga baya tana rawa: "Hajiya, don Allah a gafarce ni, ni ban amince ba. A karanto mana littafin rance, suna da suna." Wallahi ko tari babu wadda ta yi. Wata ta ce ba ta da kunya. Wata ta ce yaushe aka haife ta. Sai tsohuwar nan tamu mai lalle ta ɗaga murya ta ce, "Ku ƙyale ta, jikar NEPU ce." Aka fashe da dariya, dariyar ce ma ta sa ba a watse ba. Shugaba ta wancan lokaci, Allah ya ba ta lada, fuskarta ta canza amma ta ce wa magatakarda, "Karanta." Mun sha tunanin wannan. Ƙarfin halin mai tambaya kowa ya gani, amma ita ma wadda ta haɗiye fushi ta ce a karanta, ba ƙaramin abu ta yi ba. Da ta ce a tashi taro, da yau babu bikin da za a yi.

Daga nan muka ce to yanzu komai sai an kaɗa ƙuri'a, a ɗaga hannu a ƙirga. Nan ma muka gano wani abu. Yaya za ki ɗaga hannu ki saɓa wa matar da kike karɓar kaya bashi a shagonta, tana kallonki? Yaya za ki saɓa wa uwar mijin 'yarki? Sai muka tuna zaɓen zamanin Babangida, a 1990 da 1991, muna yara muna leƙe, lokacin da ake jera layi a bayan hoton ɗan takara, ga masu doki ga masu mikiya. An ce an yi haka ne don maganin maguɗi, kuma lalle ƙirgen a fili yake. Amma mun ga matan da suka leƙo suka hango mai gidan hayarsu a wani layin, suka sauya layi, wasu suka koma gida. Ƙuri'ar fili ta mai ƙarfi ce. Saboda haka muka samo dabararmu da kuka sani: ƙwarya biyu a bayan labule, kowace mamba a ba ta ƙwallon dabino ɗaya, ta shiga ita kaɗai ta jefa. Ba sai kin iya karatu ba. Ranar farko da aka juye ƙoren, waɗanda suka saba jin "mun amince" sun ga ƙwallayen da ba su taɓa zato ba.

Yanzu ga namu laifin, mu na tabarmar baya, don ba daidai ba ne mu faɗi na wasu mu ɓoye namu. Da muka gane mun fi yawa, sai kanmu ya yi zafi. Muka kawo doka cewa a rage rance ya zama ƙarami, kowa daidai wa daida, ko nawa ne ajiyarki. Masu sari suka ce wannan kuɗin ko buhu biyar ba zai saya musu ba, kuma yawancin abin da ke cikin asusun nasu ne. Muka ce ƙuri'a ta yi magana. Suka nemi a ɗaga zuwa wani zaman, muka ƙi. Har guɗa aka yi ranar, Allah ya yafe mana. Ba a yi wata biyu ba wasu daga cikinsu suka nemi a ba su ajiyarsu, kuma doka ta ba su dama. Asusu ya rame. Rancen da muka yi wa doka, aka wayi gari babu ma kuɗin da za a bayar. Akwai waɗanda suka tafi a lokacin, har yau ba su dawo ba, in mun haɗu a kasuwa sai gaisuwar sama-sama. Ashe maganar matan Abeokuta kaifi biyu gare ta: su ma masu sarin kuɗinsu ake juyawa, su ma sai an ji bakinsu. Mun yi musu abin da aka yi mana, illa dai mu da ƙwallon dabino muka yi.

Sulhun ya ɗauki kusan shekara, kuma ba a taro aka yi shi ba, gida-gida aka bi, kamar bikon amarya. Dokokin da muke aiki da su yanzu daga nan suka fito, kuma muna so 'yan baya su san kowace da ciwon da ya haife ta. Babbar magana, irin ta kuɗi ko ta sauya doka, ba a yanke ta a zaman da aka kawo ta, sai an kwana a kai an dawo. Kafin a shiga labule sai an ba wadda ba ta yarda ba dama ta gama maganarta, ba a katse ta, kuma magatakarda ta rubuta dalilinta a littafi ko da ita kaɗai ce. Kwamitin binciken kuɗi dole a sa wadda ba ta zaɓi shugaba mai ci ba, in ta yarda ta bayyana kanta. Littafin rance a karanta shi da ƙarfi duk wata uku. Rance kuma aka raba shi gida biyu, ƙarami wanda mambobi uku na tabarma za su iya tsaya wa juna, da babba wanda ke bin gwargwadon ajiya. Babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so. Mu dai mun so a fi haka sauƙi.

Akwai kuma magana ɗaya da muka gane ba ta ƙwarya ba ce sam. Lokacin da aka kawo shawarar a riƙa ɗora wani abu a kan rance don asusu ya ƙaru, wasu suka ce ladan aiki ne, wasu suka ce riba ce, haramun, ba za su ci ba, ba za su bayar ba. Da an kaɗa ƙuri'a da masu son ƙarin sun ci, mun ƙirga a zuci. Amma wata daga cikin manya ta ce, "Ni ba zan yi rinjaye a kan lahirar wata ba." Aka yi wata huɗu ana kai da komo, aka tambayi malamai, har aka dace da hanyar da muke bi yanzu: ƙungiya ta sayi kayan da kanta, manja ne ko atamfa ko injin, ta sayar wa mamba a kan farashin da aka yi ciniki tun farko, ta biya kaɗan-kaɗan. Ya fi wahala, ya fi cin lokacin kwamiti, amma babu wadda ta fita saboda shi. Malamin da muka tambaya ma ya tuna mana cewa a cikin Alƙur'ani akwai sura mai sunan shawara, akwai kuma wadda aka sa wa suna saboda macen da ta kai ƙara tana jayayya, kuma aka saurare ta.

Hajiya Gambo ta rasu a 2001. Akwai babban asibiti da sunanta a Zariya, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da sunanta a Jami'ar Bayero. Suna dai an ba ta. Amma har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a ƙasar nan ba, kuma a majalisar dattawa mai kujera 109, matan da suka shiga bayan zaɓen 2023 ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ranar zaɓe kuwa layinmu ya fi na kowa tsawo. Mu ake kawo wa atamfa da taliya da sabulu ana saura kwana uku, a ce mana iyaye mata, a ce mu ne masu son zaman lafiya. Mukan karɓa, ba za mu yi ƙarya ba, zamani ya yi tsanani. Sai dai duk lokacin da muka ji ɗan siyasa yana yabon haƙurinmu, mukan tuna shekarun da ake yabon ƙungiyar nan cewa ba a taɓa jin kanta ba.

Ga sababbin mambobi, musamman 'yan matan da suka shigo bana waɗanda muke gani suna zama a baya suna rufe baki da mayafi: a zama mai zuwa bayan biki akwai magana biyu da aka kwana a kansu. Ta farko ƙarin kuɗin zubin mako, ta biyu ko shugaba za ta riƙa sauka bayan zango biyu. Mu 'yan aji ma kanmu a rabe yake a kan ta biyun, mun yi gardama har malama ta kore mu daga aji ranar Laraba. Ƙoren suna wurin magatakarda, an ce ɗaya ta tsage, duk mai sabuwa ta taimaka. Dabinon kuma a wannan karon masu kayan miya ne za su kawo, a zo da wuri a ci a tara ƙwallayen kafin la'asar.